Yadda Darrel Ya Tona Asirin Kasuwar Shanu

Darrel Kubik ya taɓa yin ɗan zama a birnin Omaha yana sayar da wayoyin hannu, kafin a sallame shi. Tun daga lokacin, a faɗarsa, ba a ƙara ƙera wani abu mai cin lantarki da ya fi ƙarfinsa ba. Ya dawo garinmu bakinsa cike da sunayen na'urori, gwaggonsa Verna Hruska ta ba shi tebur a ofishin kasuwar shanunta saboda zumunci, dab da nawa. Ni ce Marlys, ni nake rubuta wa masu saye takardun dabbobinsu tun mijin Verna yana da rai, don haka abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Abin da ya jawo maganar ya faru ne bara, ranar gwanjon bijiman Otis Vandermolen. Yanzu rabin masu saye ba sa zuwa, suna zaune a gidajensu a Montana ko Texas suna kallon fage ta kyamara, suna tayawa ta intanet. Ana tsakiyar gwanjo hoto ya daskare a kan gindin wani bijimi da wutsiya a sama, ya ƙi motsi har aka sallama dabbar a banza. Otis dattijon coci ne mai farin gashin baki, ba ya ɗaga murya domin bai taɓa buƙatar hakan ba. Ya shigo ofis ya cire hula.

"Verna, ni da mijinki mun daɗe tare. Amma in aka sake samun matsala baɗi, zan kwashe dabbobina in kai kasuwar gaba."

Duk mun san abin da yake nufi. Gwanjon Otis ne ke riƙe da rufin kwanon nan, sauran makonnin shekara tsofaffin shanu ne da 'yan awaki. In ya tafi, sai dai Verna ta sa kwaɗo a ƙofa.

Da bana ta kama, Verna ta kira wani kamfani daga birni. Mutuminsu ya zo ya leƙa bayan tebura, ya ce abin da muke buƙata shi ne manhajar da za ta riƙa lura da zirga-zirgar layin intanet ɗinmu, ta nuna wa ke cinye shi da abin da ke toshe shi. Da ya faɗi farashi sai da Verna ta nemi kujera. Yana fita Darrel ya tuntsire da dariya har yana dukan tebur.

"Gwaggo, wannan ai fashi ne da rana tsaka! Manhaja fa? Abin da ake rabawa kyauta a intanet kamar takardun wa'azi? Ki bar min aikin nan. Ko sisi ba za ki kashe ba."

"Kai ɗin da ka gyara min firji ya koma dafa madara?"

"Wannan firjin da ciwonsa ya zo. Gwaggo, a Omaha fa in na shiga shago na'urori gyara kansu suke yi don kunya."

"Shi ya sa suka kore ka," na ce, "ba sauran aikin da za ka yi."

Bai ko kalle ni ba. Verna kuwa ta dubi takardar kamfanin, ta dubi ɗan ɗan'uwanta, araha ta rinjaye ta. Na ji haushinta a ranar, ban kuma ɓoye ba.

Kashegari ya fara. Ya gano cewa kamfanonin nan duk suna ba da gwajin kyauta na 'yan makonni, muddin ka ba su sunanka da lambar wayarka. Mai hankali ɗaya zai ɗauka ya gwada. Darrel ya kwashi duk wadda ya gani, da niyyar in wannan ta ƙare ya hau waccan, haka har tashin duniya. Da yake ba a ba mutum ɗaya sau biyu, sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya yi rajista da sunayenmu, ya kuma raba mana muƙamai bai gaya wa kowa ba. Wayar ofis ta kama ruri.

"Ina magana da Madam Marlys, Babbar Daraktar Tsaron Bayanai?"

"Kana magana da Marlys mai takardar shanu."

"Madalla. Madam, na'urori nawa ne a ƙarƙashin kulawarki?"

"Da injin gahawa ko ban da shi?"

Lyle mai gwanjonmu, wanda har yau matarsa ce ke kashe masa waya in za a shiga coci, ya wayi gari shi ne Shugaban Sashen Fasaha. Wani ɗan talla ya kira shi daga California ya faɗa masa farashi. Lyle kuwa hanya ɗaya ya sani ta amsa farashi. Ya gyara murya ya kama yi wa mutumin gwanjo, baki na gudu ba numfashi, har ɗan tallan ya ce zai tambayi ogansa, ya kashe waya bai ƙara kira ba.

Su kuma manhajojin, da suka haɗu a layi ɗaya sai suka shiga zargin juna. Wannan ta ce ta ga ɓarawo, ashe waccan ce. Waccan ta ce an kawo hari, ashe wannan ce ke leƙenta. Kowacce tana kai ƙara wayar Darrel, wayar tana kuka a aljihunsa kamar maraƙin da aka raba da uwa. Intanet ɗin da a da yake tafiyar tsohuwa, yanzu ya koma rarrafe.

"Ɗan nan, abin fa ya fi da lalacewa," in ji Verna.

"Alamar aiki ke nan, Gwaggo. Kamar allurar rigakafi ce, sai dabba ta ɗan kwanta sannan ta miƙe."

Daga ƙarshe ya kori sauran ya zaɓi ɗaya. Na tambaye shi abin da ta fi su da shi, ya ce kyauta ce ta har abada, kuma ta fi su launi. Ya ɗora ta a kan wata tsohuwar kwamfuta da ya saya a gwanjon kayan wani likitan haƙori da ya rasu. In ta tashi gurnani take yi, sai ka ɗaga murya za a ji ka. Darrel ya zauna a gabanta yini guda da hular kaboyi a ƙeya, yana kallon layuka masu kore da ja, yana gyaɗa kai kamar yana ganewa. Can ya buga tsalle.

"Na kama shi! Ga ɓarawon nan. Ba suna, ba asali, yana surutu a layinmu safe da yamma. Na ɗaure shi."

Ranar kasuwa ta gaba 'yan'uwan nan biyu, Alvin da Gene Tollefson, suka kawo maruƙansu. Gonakinsu na jingine da juna, kuma ba a taɓa ganinsu suna magana ba tare da musu ba. Abu ɗaya kawai suke girmamawa, wato alkawarin da suka yi wa mahaifiyarsu kafin ta rasu, cewa ba za su taɓa taya dabba ɗaya su yi wa juna tsada ba. Karɓa-karɓa suke yi, kuma kowa ya san bana Alvin ne ke da damar sayen babban bijimin Otis.

Aka koro maruƙansu suka cika fage. Babban allon da ke sama, wanda ke nuna nauyi da farashi, ya rubuta sifili. Ashe ɓarawon da Darrel ya ɗaure sikelin da ke ƙarƙashin fagen ne.

"Gene, sai da na ce maka ciyawar nan da ka sayo iska ce zalla," in ji Alvin.

"Iskar tana cikin kanka. Kai ne ka ce a rage musu masara don kar su yi girman kai."

Lyle ya sa baki a lasifika. "Jama'a, ga maruƙa ba nauyi. A rufe tagogi kada su tashi sama."

Aka yi ta dariya, ban da Verna. Ta shigo ofis ta rufe ƙofa, amma kafin ta buɗe baki Darrel ya riga ta.

"Laifin sikelin ne, Gwaggo, da bai faɗi sunansa ba. Amma ya koya min darasi. Ki gaya min, wace dabba ce ke shiga kasuwar nan ba lamba a kunne?"

"Babu. Sai kai."

"To haka za a yi wa wayoyi. Duk mai son hawa layinmu sai ya rubuta cikakken sunansa. Daga yau ba baƙo."

Ginin namu kwano ne daga sama har ƙasa, waya ba ta samun sabis a ciki, dole sai layin kasuwa. Darrel ya kafa tebur a bakin ƙofa, ya riƙa tare mutanen da suka san shi tun yana tsumma yana cewa su nuna lasisin tuƙi. Suka yi ta zaginsa, suna rubutawa.

Mutanenmu kuwa gara ka gan su suna wanka da ka gan su suna tayi. A da da ƙifta ido ake yi, ko a sosa kunne, ko a ɗan motsa ɗan yatsa a bayan kofin gahawa, Lyle kaɗai ke gani. Mutum zai zauna kusa da maƙwabcinsa yana ce masa wannan bijimin ai gurgu ne, alhali shi ne ke tayawa. Da waya ta zo sai abin ya yi musu daɗi. Ga mutum a zaune fuskarsa kamar yana jana'iza, babban yatsansa kuwa yana aiki a ƙarƙashin hula. Ko Lyle farashin kawai yake gani a ɗan allon gabansa, sai an sallama sunan mai saye yake zuwa wurina.

Ranar gwanjon Otis ta zo. Motocin a-kori-kura suka cika fili har bakin titi, ƙamshin naman gashi ya gauraya da warin kashin shanu, benaye suka cika maƙil. Otis ya zauna a sahun gaba, farar hularsa a kan gwiwa kamar yadda ya saba. Ni ina kan dandamali kusa da Lyle, Verna tana tsaye a bayanmu tana murza hannu.

Abin mamaki, hoto ya tafi sumul. Bijimi ya shiga, bijimi ya fita, na Texas suna tayawa, na Montana suna ƙarawa. Ko don manhajojin nan masu faɗa da juna sun tafi ne, ko sa'a ce kawai, oho. Verna ta sunkuyo ta raɗa min, "Marlys, ƙila fa na zalunci yaron nan." Har na fara jin kunyar baƙaƙen maganganun da na gaya masa.

Sai dai Darrel ba zai iya yin nasara a ɓoye ba. Yana ofis shi kaɗai da layukansa masu launi, ba mai tafa masa, abin ya ci shi. Ya jawo wata doguwar waya ya haɗa kwamfutar likitan haƙori da babban allon fage, sannan ya fito ya karɓe lasifikar Lyle ta biyu.

"Jama'a, ku ɗaga kai ku ga aiki! Wannan da kuke gani, kamfanin birni kuɗin tarakta ya nema a kansa. Ni kuwa kyauta na yi."

Rabin allon ya cika da sunaye. Kowane suna da koren layi a gabansa, da wurin da wayar mai sunan take leƙawa. Da farko abin dariya ne, domin an ga sunan fastonmu yana kallon wasan ƙwallo, shi da ya ce addu'a ya zo yi wa kasuwa. Fasto ya tura wayar cikin takalmi. Mutane suka ƙyalƙyale, Darrel ya cire hula ya rusuna musu.

Ana cikin haka aka buɗe ƙofa, Gwamna ya shigo. Shi ne babban bijimin Otis na bana, baƙi wuluk, wuyansa kamar gangar mai. Lyle ya kama gwanjo. Tayi na farko ya faɗo, a daidai lokacin kuma sunan Alvin Tollefson ya yi tsalle zuwa saman allo, koren layinsa ya miƙe, ga shafin tayi a rubuce a gabansa. Duk kawuna suka juya. Alvin ya yi ja har kunne.

"To, ni ne. Ai shekarata ce. Ku kalli gabanku."

Tayi na biyu ya faɗo. Sunan da ya yi tsalle shi ne Gene Tollefson.

Alvin ya juya a hankali ya dubi ƙanensa, wanda ke zaune kafaɗa da kafaɗa da shi yana kallon rufi.

"Gene."

"Yatsana ne ya zame."

"Ya zame ya buɗe shafi, ya zame ya rubuta farashi? A gaban Mama fa ka rantse!"

"Kai ma shekarar da ta wuce wa ya sani? Allo ne dai babu!"

Alvin ya kwaɗa masa hula a fuska, Gene ya rama, wayoyinsu duka suka faɗi ƙarƙashin benci. Na kusa suka shiga rabo, na nesa suka hau kan kujeru don su gani. Verna tana ta yi wa Darrel alama da hannu ya kashe, shi kuwa ya ɗauka jinjina take masa, ya ɗaga mata babban yatsa.

Lyle bai san abin da ke faruwa a saman kansa ba, ɗan allonsa kawai yake bi. Wani daga Texas ya ƙara, Lyle ya faɗa. Sai wani tayin ya hau kan na Texas ɗin. Na ɗaga kai don in ga ko 'yan'uwan sun tsinci wayoyinsu, sai na ga sunan da ke sama. Otis Vandermolen.

Na Texas ya sake ƙarawa. Sunan Otis ya sake tsalle. Dattijon yana zaune a sahun gaba, idonsa a kan bijiminsa, fuska a natse, hannunsa na dama a ƙarƙashin farar hula. Bai ɗaga kai ya ga allo ba tun da aka fara, domin ba ɗabi'arsa ba ce kallon abin da talakawa ke kallo.

Hayaniya ta mutu. Hatta Alvin da Gene suka saki kwalar juna. Mutum yana taya dabbarsa da kansa don ya ingiza farashi, a wurinmu wannan ya fi satar maraƙi muni, domin ɓarawon maraƙi ba ya zama a sahun gaba. Cikin wannan shirun ne Darrel ya ga dama ta samu.

"Kun gani ko? Hatta Baba Otis na'urata ta gan shi! Ga shi can a sama, ya fi kowa ƙoƙari. Ba wanda ke ɓuya mata!"

Sai a lokacin Otis ya ɗaga kai.

Wani daga bayan benci ya yi ihu, "Otis, ashe bara waccan kai ne ka kai ni bango a kan jan bijimin nan?" Wani ya ce, "Ni har bashin banki na ci!" Wata tsohuwa ta ce a gaya wa fasto ya fito da wayarsa daga takalmi, ga aiki ya samu. Kyamara kuwa tana ɗauke da fagen da allon gaba ɗaya, tana aika wa Texas da Montana hoto tas, ko ƙyaftawa ba ya yi. Tayin intanet ya tsaya cak. Gwamna ya tsaya a kan tayin mai shi.

Verna ta fizge lasifikar daga hannun Darrel. "Kashe abin nan kafin in kashe ka."

Nan fa gumi ya karyo masa. Ya ruga ofis, muna jiyo shi yana dukan madannai. Maimakon sunayen su ɓace, sai wani akwati ya fito a tsakiyar allo yana tambaya ko mun ji daɗin manhajar, taurari nawa za mu ba ta. Ya fito a guje yana cewa a kwantar da hankali, waya ɗaya ce zai cire a bayan allo. Hanyar bayan allo kuwa ta cikin fage take. Ya haura shinge ya dira, ya manta da wanda ke ciki.

Gwamna ya daɗe yana jin haushin surutun nan. Ya sunkuyar da kai ya bi shi. Darrel ya zagaya fage, takalmi ɗaya ya tsaya a cikin kashi, hula ta yi nata wuri. A zagaye na gaba Gwamna ya taimaka masa da goshi, wandonsa ya yage tun daga ƙugu, Darrel ya faɗi rub da ciki ya ja jiki ya shige bayan ƙarfen da masu kora ke fakewa. Yana daga nan ya miƙa hannu ya finciko wata waya da ƙarfi. Fankokin rufi suka tsaya. Sunan Otis yana nan a sama, kore shar.

Masu kora suka buɗe ƙofa suka fitar da bijimin. Otis ya miƙe ya sa hularsa, ya tako har gaban dandamali.

"Kin kunyata ni a gaban jama'a, Verna."

"Ni na danna maka wayar, Otis?"

Ya juya ya gaya wa mutanensa su loda sauran bijiman, ya fita, aka dare masa hanya ba wanda ya gaishe shi. Muna zaune muna jin ƙarar ƙofofin tirela ana rufe su ɗaya bayan ɗaya, sannan injuna suka tashi. Verna ta tsaya tana kallon ƙofar da ya bi. A ginin nan ta yi amarci, a nan ta yi takaba. Tausayinta ya kama ni har na kasa kallon fuskarta.

Ba wanda ya tashi. Zafi ya fara sauka tun da fankoki sun mutu. A cikin fage Darrel ya fito daga maɓoyarsa, ƙafa ɗaya ba takalmi, kashi har gira, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗayan riƙe da wayar fanka. Ya dubi benaye ya yi murmushin yaƙe.

"Ƙaramar matsala ce, jama'a. A Omaha ma an taɓa..."

Lyle ya jawo lasifika a hankali. Ban san ko fushi ne ko sabo ba.

"To jama'a, saura kai ɗaya a fage. Namiji, ba takarda, ci da yawa, baki ya fi jiki. An gwada shi a Omaha an dawo da shi. Wa zai taya? Dala ɗaya, dala ɗaya, wa zai ba ni ɗaya? Rabin dala? Kofin gahawa?"

Tun da nake a kasuwar nan ban taɓa ganin mutane sun daskare haka ba. Ƙuda ya sauka a kan hancin Gene, ya bar shi ya yi yawonsa don kada a ce ya motsa. Kowa ya zauna a kan hannunsa. Lyle ya nemi tayi gabas, ya nema yamma, ya juyo ya dubi Verna.

Ta karɓi gudumar daga hannunsa ta buga sau ɗaya.

"Ba a saya ba. A buɗe masa ƙofa."

Aka buɗe, ya fita yana ɗingishi ta hanyar da shanu ke bi. Shi ne kai na ƙarshe da ya ratsa fagen Verna kafin ta sa kwaɗo a ƙofa.